Tayar Baya Ta Dama

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau ma tayar baya ta dama ta a-kori-kurata ta kwana a sace. Kwana uku ke nan a jere. Iska har sittin a geji nake sa a buga mata saboda nauyin kwandunan tumatir, gari na wayewa sai in tarar ta yi laushi. Abdulrauf mai faci ya cire ta, ya tsoma a ruwa, ko kumfa ɗaya babu. Ya ce, “Direba, tayarka ƙalau take.” To in ƙalau take, wa yake shan iskar? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Maƙwabcina Hashimu nake zargi. Tun da Alhaji Tambaya ya ba ni jigilar gonarsa ta Kadawa ya bar tasa a-kori-kurar, gaisuwarsa ta canza. Da safe har da ce min, “Yaya tayar, ta kwana lafiya?” Wa ya gaya masa?

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na barbaɗa toka kewaye da tayar don in ga sawu. Sawun kaji na samu. Matata Rahma ta yi ta dariya, wai in kai zakaranmu gaban mai unguwa. Ita komai wasa ne.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

A majalisa bayan an sauko masallaci na ce akwai mai sace min iska, kuma gidansa ba nisa da nawa. Ban kama suna ba, amma kowa ya waiwaya ya kalli Hashimu. Ya tashi ya karkaɗe riga ya tafi. Shekara ashirin muna katanga ɗaya. Raina bai yi min daɗi ba, amma ai shi ya ja.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Tayar ta zauna min a bakin kanal ɗin ban ruwa da kwando talatin, rana tsaka, tumatir ya fara zubar da ruwa. Duk motocin hanyar nan a rasa wanda zai tsaya sai Hashimu. Ko gaisuwa babu, ya ce, “Abdulrauf nawa yake bugawa in zai tsoma ta?” Na ce talatin. “Kai kuma da nawa kake yawo?” Na ce sittin.

Ya ɗauko famfonsa na ƙafa, ya yi ta takawa yana gumi har geji ya nuna sittin, sannan ya cire ta ya gangara da ita cikin kanal. Sai ga kumfa siri-siri daga bakin rim, ƙarfen da tayar ke kansa, inda laka da ruwan gona suka sa tsatsa ta ci. A talatin bakin a rufe yake, sai iska ta yi yawa yake buɗewa. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Ya ara min safayarsa. Da zai tafi ya ce, “In ka gama ka aiko da ita, ba sai ka wahalar da kanka ba.”

Talata, 11 ga Fabrairu

An kankare rim, na koma hamsin, na rage kwando huɗu. Ba ta ƙara sauka ba.

Safayar kuwa ban aiki kowa da ita ba. Ni na gungura ta da hannuna har gidansa, kuma ta gaban majalisa na bi, lokacin da ta cika. Hanyar ta fi kusa ne kawai.