Murjaninki da Na Shuka a Tafki

Zuwa ga Hajara,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin hutu. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba, babu direban da ke bin hanyar da kika bi. Ko kina nan ma ai ba karantawa za ki yi ba, sai dai ki zauna kina yi mini dariya ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya kamar mai cire ƙaya a ƙarfasa. Amma magana ta cika mini ciki, kuma wa zan gaya wa in ba ke ba?

Mutanen gida lafiya lau. Inna na fama da gwiwa, amma bakinta na nan daram. Ummi ta fara famfara, haƙoran gaba biyu sun fita. Ta ɗauko tafiyarki sak, har da ɗan karkata kai in ana yi mata faɗa.

Kin san yadda kika bar tafkinmu na bayan gari. Tun da aka datse ruwa can sama, ambaliya ta daina zuwa mana yadda ta saba. Kachala, ciyawar nan mai tsawon mutum, ta shaƙe bakin ruwa. Masu itace sun sare giyayyun da kifi ke ɓuya a saiwarsu, masu taru kuma suka kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Bayan tafiyarki abin ya ƙara lalacewa. Sai in wuni a kan gora in dawo da abin da bai isa miya ba. Sa'o'ina duk sun tafi su a Baga.

Wanki, Yaya Sale, ya zo daga Haɗeja ya ce in ba shi Ummi ta zauna cikin 'ya'yansa, ni kuma in bi 'yan'uwana. Ba da mugunta ya faɗa ba, gaskiya ce. Amma Hajara, in na ba da ita, me ya rage mini naki? Na roƙe shi ya ɗaga mini ƙafa zuwa damina biyu. Ya ce to, amma ba zai ƙara ba.

Ana nan wata safiya ina ɗinkin koma, sai na ji a rediyo ana labarin murjani. Ni a sanina murjani dutsen ado ne, irin jan nan da kakarki ta ba ki ranar aure. Ashe wai abu ne mai rai! Wai a ƙarƙashin teku yake tsirowa, yana yin rassa, shi ne garin kifi, a nan suke kwana, a nan suke haihuwa. Wai wasu sun farfasa shi da nakiya garin neman kifi, kifin ya watse, yanzu kuma akwai masu nutso suna dasa shi, kifi na dawowa.

Kada ki yi dariya tukuna. Na buɗe kwallarki, na kwance zaren, na zare ƙwaya ɗaya. Na kai ta tafki, na sa ta cikin fasasshen kasko a inda ruwa ya kai gwiwa, na yi bismilla kamar mai shuka gero. Ina ta zuwa dubawa ko ta yi tsiro. Ba ta yi ba. Daga baya ma laka ta haɗiye ta, na lalube har na gaji. Saboda haka ranar da Ummi za ta sa murjaninki, za ta same shi da giɓi irin na bakinta. Ki yafe mini.

Na je na gaya wa Malam Bitrus, malamin firamaren nan mutumin Filato, wanda kike aika wa matarsa banda. Bawan Allah ya daure bai yi dariya ba sai da na kai ƙarshe, sannan muka yi ta tare har da hawaye. Ya ce wanda ke wuyan mata ya riga ya mutu, kamar ƙashi yake, kuma mai ran ma sai a ruwan gishiri. Ya ce masu dasawar reshe mai rai suke ɗaurawa a jikin dutse, su yi ta jira shekara da shekaru. Na dawo gida ina tunani. Ashe ba murjanin ne maganar ba, gidan ne. To mu namu kifin, mene ne murjaninsa? Ba saiwar giyayya ba ce, da ciyawar burugu, da duhun rassa?

Na sami Bulama mai garinmu na roƙe shi ya hana jan taru a tafkin. Ya ce saboda mahaifina zai yi, ba don ya yarda ba. Na shiga yankan kachala. Da fari ina yanke ta a sama, kafin in juya ta dawo. Sai na lura wadda na sara a ƙarƙashin ruwa ita ce ke ruɓewa, ashe ita ma numfashi take yi. Matsattsaku sun sha jinina har sun san ni. Na bi gida-gida ina roƙon fasassun randuna, na nutsar da su saboda tarwaɗa. Na ɗaure rassan ƙaya na jefa a tsakiya. Na je wajen garin Guri na ciro burugu da saiwarsa, na dasa. Giyayyun da na kafa a gaɓa, awaki sun cinye fiye da rabi, cikinsu har da akuyarki mai farin goshi.

Yanzu a gari sunana mai gina wa kifi ɗaki. In na wuce majalisa sai a tambaye ni ko na sa musu ƙyaure. Ba na jin haushi. Da kina nan ai ke za ki fi kowa tsokana, sannan ki riga ni ɗaukar randar.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk ranar da na dawo daga ruwa na hango hayaƙin bandarki ya tashi ta bayan danga, sai in rage tafiya, don kawai in daɗe ina jin daɗin cewa kina ciki. Kina cewa na cika nawa. Ba nawa ba ce. Me ya hana ni faɗa? Kunya ce, ko kuwa na ɗauka lokaci namu ne?

Daminar farko ban ga komai ba sai kwaɗi. Ta bana ruwa ya ɗan zo. Wata safiya ina tura kwalekwale cikin burugun da na dasa, sai na ga an share wuri zagaye kamar babban faifai. Sheƙar kifin nan bargi ce, Hajara! Rabon da a ga irinta a tafkin nan tun kafin a haifi Ummi. Ga 'ya'yan sun dunƙule baƙi ƙirin suna juyawa tare, uwar na kewaya su, bayanta kamar cinyata. Mashi na hannuna, gida kuma babu nama. Na ajiye shi a hankali na ja da baya.

Ranar Juma'a Yaya Sale ya iso, ya zo wa Ummi da sabon takalmin tafiya. Ban yi masa gardama ba, na ce dai ya shigo kwalekwale. Na kai shi wurin. Kin san shi ma ɗan masunta ne kafin kanti ya ɗauke shi. Ya tsuguna yana ta kallo, har gefen babbar rigarsa ya jiƙe bai sani ba. Da muka fito ya yi sallama da Inna, ya shafa kan Ummi, ya hau mota shi kaɗai.

Ban san abin da za mu samu ba ranar da Bulama zai buɗe ruwan. Wataƙila kaɗan ne. Amma 'yarki na nan wurina. Ga ta can a tsakar gida, ta sa takalmin Haɗeja tana korar awaki da shi.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Ya haɗa mu a inda ruwa ba ya janyewa. Sai na zo.

Ni ne mijinki,
Haruna