Sunan da Na Canza a Babi na Tara

Zuwa ga yayata, Akka Valarmathi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara can Singapore. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan Puducherry ƙalau. Ƙafar mahaifiyarmu Amma ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwa da kanta. Maigidana Ilango ya ce in gaya miki har yanzu ina ƙona miya in dai littafi na hannuna.

Akka, wata guda ke nan ina ɓoye miki wata magana. Kin san dokar Madam Rukmani tun ranar da kika kai ni wurinta koyon XML, aikin shirya littattafai a kwamfuta: namu sa alama ne kawai, nan babi, nan sakin layi, ba a karanta rubutun, ba a taɓa shi. To, an ba ni wani ɗan littafin soyayya daga birnin Pune, na karanta. A babi na tara sai sunan yarinyar ya koma wani daban. Na ɗauka kuskure ne, na mayar mata da sunanta a wuri arba'in da ɗaya, ban gaya wa kowa ba. Ashe a can ango ne ke rubuta wa amarya sabon suna a farantin shinkafa, kuma a nan duk baƙin cikin labarin yake. Marubuciyar ta kawo ƙara. Arokiamary mai duba aikina ta sha faɗa kwana biyu, ina gefenta ina shan shayina kamar ban san komai ba. Da na je wurinta na faɗi gaskiya, cewa ta yi in ƙarasa shan shayina, tunda ta ga ba ya maƙale min a wuya.

Madam ta ce in zaɓi abin da zan karanta gaba. Ko XSLT da kike so, inda na'ura ke juya takardu ba ruwana da abin da ke ciki, ko gyaran rubutu, shekara biyu a ƙarƙashin Arokiamary. Na san kin sa baki an ajiye min gurbi a wurin aikinku idan na gama XSLT, kin sha kunyar roƙo saboda ni. Akka, na zaɓi gyaran rubutu. Ba zan iya daina karantawa ba, gara a koya min tambaya kafin in taɓa. Ki yafe min, ki ba wata gurbin. Arokiamary ta karɓe ni, amma ta ce teburina zai zauna inda take ganin hannuna.

Ki gaishe min da maigidanki Yaya Sundaresan, da yara Kayal da Iniyan.

Ƙanwarki mai laifi,
Thenmozhi