Ƙorafi Kan Masu Ciyar da Abdulmannan a Ɓoye

Daga: Shu'ibu Adamu, manomin shinkafa,
Layin Bakin Kogi, Haɗejiya.
14 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga: Mai Girma Mai Unguwa.

Game da: Yawan abincin da mutanen layinmu ke ba ɗana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na kawo ƙarar maƙwabtana ne, waɗanda ba su da laifi sai yawan kirki.

Kamar yadda ka sani, ɗana Abdulmannan, mai shekara tara, yana fama da ciwon da ke raunana tsokar jiki sannu a hankali. A watan Nuwamba likitansa na Kano ya gargaɗe mu cewa maganin da yake sha yana sa yawan ci, kuma in ƙiba ta yi masa yawa, 'yar tsayuwar da ta rage masa za ta tafi da wuri. Mahaifiyarsa ta rage mai da sukari, ta ƙara zogale da wake da gasasshen kifi. Duk gidan muka koma cin haka, don kada ya ga an ware shi.

Amma ranar 6 ga wannan wata aka ɗora shi a sikeli, sai ga nauyi ya ƙaru. Da na bincika, ga abin da na gano:

1. Da zarar an fito da shi ƙofar gida a kekensa na guragu da yamma, Ya'u mai suyar kifi kan ajiye masa wanda ya fi maiƙo.

2. 'Yan majalisar Bunu mai shayi sun naɗa shi alƙalin gardamar ƙwallo. Wanda aka ba gaskiya kan sayo masa lemon kwalba. Na samu labarin cewa wani lokaci ɓangarorin biyu yake ba gaskiya.

3. Mahaifiyata, Hajiya 'Yar'azumi, tana miƙa masa fura da sukari ta taga. A wurinta, ƙin cika wa jika ciki rowa ce. Ba ni da bakin yi mata magana.

Saboda haka ina roƙo a sanar a masallaci bayan sallah cewa mai son Abdulmannan ya kawo gwaba ko kankana, ko ya tura shi a kekensa zuwa bakin kogi ya ga kwale-kwale. Hajiya kuwa, maganarka kaɗai za ta ji. Burina shi ne baɗi ma yaron nan ya tsaya kusa da ni a sahu da ƙafafunsa.

A ƙarshe, cikin ladabi, yaron ya ambaci wani dambun nama da ke fitowa daga gidanka duk Juma'a. Mun gode ƙwarai. Idan ba za a iya dainawa ba, a shirye nake in riƙa karɓa a madadinsa.

Allah ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,
Shu'ibu Adamu