Na Fito a Matsayin Umma

Daren Asabar, Unguwar Rimi

Yau muka fara nuna wasan da na rubuta kan rayuwar Umma, Allah ya ji ƙanta. Ni na fito a matsayinta, mai sayar da atamfa a kasuwa. Da muka zo wurin da gobara ta cinye rumfarta, na durƙusa ina rusa kuka, sai na hango ƙanwarta, Anti Rabi, ta miƙe ta fita. Gabana ya faɗi, na zaci na tona asirin gida.

Bayan an tashi na same ta a bakin ƙofa. Ta ce, "Hauwa, uwarki ba ta yi kuka ba ranar nan. Tsintsiya ta nema."

Ashe ban gama saninta ba. Gobe zan cire kukan.