Ranar Lahadi Kada Ki Ce Ba Komai

Parkchester, Bronx
Nuwamba, 2016

Zuwa ga Fatsuma, sanyin idona, ruwan farkon damina, inuwar tsamiyar da na fake a ƙarƙashinta tun kaina na da baƙin gashi,

Kin ga na rubuta sunanki ƙuru-ƙuru. Rabon bakina da kiransa tun kafin a haifi yaran nan, sai dai Hajiya, amma yau alƙalami ya fi ni ƙarfin hali. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa. Yaya 'yarmu Halima, yaya jaririn? Na ba Mariatu maƙwabciyarmu, mai aikin jinya a Staten Island, wannan takarda ta damƙa a hannunki, domin a waya ba na iya magana. Kullum 'yarmu ce ke riƙe da wayar, jikoki na leƙowa. Ta yaya tsoho zai buɗe zuciyarsa a gaban 'ya'yansa?

Kin tafi unguwar Park Hill, can Staten Island, wankan jegon Halima itatuwan ƙofar gidanmu na fitar da sabon toho. Ganyen ya yi kore, ya yi ja, ya zube, masu shara sun kwashe. An yi arba'in tuni, an ce yaro har ya fara zama, ke kuwa shiru! Ya farin watana, wane irin jego ne wannan da ya haɗiye bazara da kaka, yake neman haɗawa da hunturu?

Gidan nan ya yi mini girma. Nakan zauna a falo in tuna shekarar da kika iso ƙasar nan, kika ce Turanci ba zai shiga kanki ba. Na koya miki yadda Malam Mahamudu ya koya mana a makarantar Midil, da ƙafa, ba da allo ba. In ce "stand up" ki miƙe, in ce "go out" ki fita baranda, in ce "come in" ki shigo kina rufe baki da gefen mayafi don dariya. Na ce miki mu Hausawa a ƙarshen kalma muke juya akalar tafiya: fita da fito, shiga da shigo, koma da komo. Shi kuwa Bature sai ya bar kalmarsa yadda take, ya ɗaura mata 'yar jela a baya, jelar ce ke nuna inda aka dosa, sama ko ƙasa, ciki ko waje, gaba ko baya. Kika ce ashe Turancin nasu akuya ce, ta jela ake gane inda ta nufa. Wallahi har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta ƙare da tari.

Kin tuna ranar da muka fita gwaji a jirgin ƙasa mai lamba shida? Muka hau matakalar tasha ina karanta miki, nan "go up", nan "get on", can "get off". Jirgi ya cika, na miƙe don in bai wa wata mata kujera, ya yi jijjiga na yi tangaɗi. Sai na ji muryarki ta cika tarago: "Malam, sit down!" Kowa ya juyo, wani ƙaton Baƙar fata ya tafa miki. Jimlarki ta farko ke nan a bainar jama'a, kuma a kaina ta sauka! Ranar na ji daɗin da ban ji ba ko lokacin da ɗalibaina suka ci jarrabawa.

Yanzu ƙafafun da suka koya miki sun gaza. Matakalar tashar nan ta zame mini dutse, balle bas da jirgin ruwan da ke tsakaninmu. Kalmomin kuma sun koma bakin 'ya'yanmu, suna jifana da su. Ɗanmu Sadiƙ ya ce lokaci ya yi da zan yi "move out", in yi "move in" da shi a Ohio, tunda na faɗi a banɗaki watan jiya. Halima ta ce za ta koma aikin asibiti, ke ki zauna mata da yara. Sun raba mu tsakaninsu kamar yadda ake raba tabarmi, ɗaya gabas, ɗaya yamma, kuma da kyakkyawar niyya suka yi.

Na yi ta juya abin a raina, na gane inda aka samu kuskure. Da Halima ta nemi ki ƙara kwanaki, na ce ba komai. Da Sadiƙ ya kawo shawararsa, na ce duk yadda suka ga ya dace. Na tabbata ke ma haka kika ce, kanki a sunkuye. A gida, yaro ya ji ubansa ya ce ba komai da irin wannan murya, ya san da komai, sai ya je ya sake tunani. Waɗannan a nan suka girma. Abin da kunne ya ji shi suke ɗauka, kawaicinmu suka karɓa a matsayin yarda. Ba su san muna kunyarsu ba ne, sun zaci mun gaji da juna.

Na gaji da ke? Shin gero na gajiya da raɓa? Kifi na ƙosawa da kogi? Ke ce zumar da ta rage a ƙasan ƙwaryata, ke ce garwashin da nake ɗumama hannu da shi a wannan ƙasa ta ƙanƙara. Tsufa ya ƙwace mini ji a kunne ɗaya, ya ƙwace haƙora, ya ƙwace abokai ɗaya bayan ɗaya. Duk na bar masa, ban yi ƙorafi ba. Amma in farka a wani gari ban ji motsin buta a hannunki da asuba ba, in yi ciwo wata ta miƙo mini ruwa, in cika ba ki kusa ki laƙƙana mini kalmar shahada? Wannan kam ba zan iya ba, Fatsuma. Ba zan iya ba!

Ranar Lahadi Sadiƙ zai biyo da mota ya ɗauko ku ke da Halima, ki zo ki tsince kayanki kafin a mayar da mabuɗin gida. Na yi miki alkawari, ranar zan ajiye kunya a bakin ƙofa tare da takalma. Zan dubi idon yaran nan in ce matata nake so, inda take nan nake, ko nan ko Park Hill ko Ohio, ko da a ɗaki guda ne. Zan faɗa da Hausa, in maimaita da Turanci don kada a ce ba a gane ba.

Abin da nake roƙo a wurinki ɗaya ne. Idan Halima ta juyo ta ce Mama me kika gani, don Allah, don zaman da muka yi, kada ki ce ba komai. In harshe ya yi miki nauyi, na san halinki, to kada ki ce uffan. Ki wuce akwatunan da suka jera, ki shiga kicin, ki ɗora tukunya a wuta. Ni zan fassara musu.

Naki a jiya, naki a yau, naki har ranar da za a rufe ni da ƙasa, kuma ina roƙon Allah Ya sa a can ma ke ce,

Mijinki,
Jibrin