Baba, Sun Ce Tabarma Ba Mutum Ba Ce

Zuwa ga mahaifina, Baba Tankari mai gishiri,

Gaisuwa da girmamawa daga Kumashi. Na san babu mai kai maka wannan. Ko da kana raye ma, sai ka nemi mai karanta maka. Amma sai na rubuta, don a nan ba wanda zan faɗa wa ya gane.

Damina ta yi kyau a gida, gero ya yi. Inna ta fita takaba lafiya. Mai daɗin ke nan. Sauran kuwa, Baba, sun karɓe wurinka.

Ka san layin rumfunanku na bakin babbar hanya, daga mahauta har gindin gawon da kake zama? 'Yan majalisar gari sun zauna sun yanke a rushe shi. Za a gina babban kanti, magazin suke ce masa, irin na Yamai, mai gilashi, inda mutum ke shiga ya ɗebi kaya da hannunsa kamar ɓarawo, sannan ya biya a bakin ƙofa. A garin da mace ke lasar gishiri kafin ta taya!

Ba zan yi musu ƙarya ba. Hanyar ta matse. Manyan motoci na gogar zana in za su wuce, kuma gobara ta sha cin layin nan, har da wadda ta bar maka tabo a hannu. Sun kuma ce kowa zai samu rumfar siminti a bayan tasha. Da nan suka tsaya, da na kama bakina.

Sai suka ce wanda aka tarar zaune a wurinsa ranar da za su zaga, shi ke da sabuwar rumfa. Suka zaga. Inna tana ɗaki tana maka takaba. To ya za ta yi? Ta bar zaman mijinta ta fito kasuwa don masu kwat su ga fuskarta?

Kai ka san yadda ake yi tun kakanni. In mai wuri ya rasu, maƙwabcinsa ne ke share wurin, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tabarmar mamacin ya danne da dutse, har iyalinsa su fito. Ko akuya aka gani a kai, korarta ake yi. Abokinka Arzika mai kanwa bai taɓa fashin wannan ba. Ranar da suka zo ya nuna musu, ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Suka ce tabarma ba mutum ba ce. Suka ba wani yaro rabonka, ɗan ƙanwar ɗaya daga cikinsu, wanda ya tsuguna a gefen tabarmar da kwandon albasar aro tun safiyar ranar.

Su wane ne suka yi wannan, Baba? Ba Nasara ba ne. Nasara ya sa ka fasa dutse a aikin tilas, ban yafe masa ba, amma shi baƙo ne, bai san takaba ba. Waɗannan 'ya'yan gari ne. Shugabansu ya zo zaman makokinka, ya sha furar sadaka, ya yi wa Inna ta'aziyya ta bayan zana. Ya san ɗakin da take. Yana hawa kujerar biro, wato ofis, sai ya mance mata na takaba a Arewa. Uwarsa fa? Ba ta yi wa ubansa ba? Ko shi daga takarda aka haife shi?

Mutum ɗaya ya tashi a cikinsu, malamin lakwal, makarantar boko, ya ce a jira matar ta fito. Suka ce ba ya son ci gaba. Allah ya saka masa. Sauran kuwa, ci gabansu bai wuce tsawon hancinsu ba.

Ranar da aka ɗaga tutar ƙasa na yi rawa har takalmina ya tsinke. Kai kana zaune kana auna gishiri, ka ce in dakata in ga yadda za su raba inuwa. Na ɗauka tsufa ne.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ka yi zaton raina sana'arka ne ya fito da ni. A'a. A nan in an tambaye ni, ba na cewa ni ɗan dako ne, cewa nake ni ɗan mai gishirin gindin gawo ne, kamar duk duniya ta san wurin. Niyyata in ƙarfina ya ƙare, in dawo in zauna inda ka zauna. Me ya hana ni faɗa? Kunya. Kai ma ba ka tambaya ba.

Da Inna ta fita takaba, gindin gawon ta fara zuwa. Ta tarar da shingen waya da tarin bulo, gawon kuma an sare. Direban da ya kawo mini labarin ya ce ba ta yi kuka ba. Aka ba ta shawara ta je ta durƙusa gaban shugaban, wataƙila a samo mata gefe kusa da turken jakuna. Ta ƙi. Ban ga laifinta ba, kuma na san kai ma ba za ka gani ba. Ta rabar da sauran gishirinka sadaka. Bayan girbi za ta koma Dumega wurin ƙanenta, a toshe ƙofar gidanmu da ƙaya.

In Allah ya kai ni gida, kai kaɗai zan tarar in gaisar. Sa'arka ɗaya, Baba, makwancinka ba a bakin hanya yake ba.

Allah ya sanyaya maka ƙasa, ya haɗa fuskokinmu.

Ɗanka da bai samu ɗaukar makararka ba,
Gado