Da gangan mahaifina ya riƙa faɗuwa lissafi

Assalamu alaikum warahmatullah. Admin, ina roƙon a ɓoye sunana. 'Yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci.

Ni matashi ne, na yi digiri a fannin koyar da lissafi, yanzu ina koyarwa a wata sakandare a nan Kano. Abin da zan faɗa ya faru tun kafin a haife ni, don haka ya wajaba in bayyana inda na samo shi. Na ji shi daga bakin mutum huɗu: mahaifina, da yayansa wanda muke kira Baffa, da yayarsu Goggo, da malamin da ya koyar da su lissafi a firamare, wanda zan kira Malam kawai. Takarda ɗaya ce a hannuna, katin sakamakon mahaifina na aji huɗu, shi ma gara ta cinye gefen da aka rubuta shekara. Goggo ta ce shekarar da aka haifi autarsu ce, Baffa ya ce bayan nan da shekara guda. Abin da duka suka yarda da shi, ƙarshen shekarun 1970 ne, a wata firamare da ke wajen Panshekara. Inda bakinsu ya saɓa zan nuna, inda ban sani ba zan ce ban sani ba.

A lokacin da aka buɗe makarantun boko ga kowa, kakanmu ya kai 'ya'yansa maza biyu rana ɗaya. Baffa ya girmi mahaifina da shekara huɗu ko biyar, amma aji ɗaya aka sa su, domin ba a duba shekaru ba, duk wanda bai taɓa shiga aji ba sabo ne. Ajin cike yake da 'ya'yan manoma da 'ya'yan ma'aikatan kamfanonin Challawa, wasu har muryarsu ta fara buɗewa, suna zaune kusa da yaran da haƙoransu ba su gama fitowa ba.

A aji huɗu suka haɗu da Malam. Yana da wata al'ada da yake yi kullum kafin a buɗe littafi, lissafin ka, wanda su suke kira mantal. Kowa zai miƙe tsaye. Malam zai jefa tambaya, bakwai sau takwas, ko ɗari a cire talatin da bakwai, ya nuna mutum da tsumagiya, ya ƙirga uku. In ba ka amsa ba, ko ka amsa ba daidai ba, ka ci gaba da tsayuwa, ya wuce kan na gaba. Wanda ya fara cinkewa, shi za a miƙa wa tsumagiyar, ya bi duk waɗanda suka faɗi kafin shi ya tsula musu bibbiyu. Idan kuma Malam ya ga ka sassauta hannu, sai ya karɓa ya yi maka huɗu, a cewarsa don ya nuna maka yadda ake yi. A kan wannan duk mutum huɗun bakinsu ɗaya, har da Malam.

Mahaifina yana da saurin kai. Baffa kuwa mutum ne da sai ya natsu yake tunani, har yau in ka yi masa tambaya sai ya gyara zama kafin ya amsa, kuma amsarsa ba ta cika kuskure ba. Amma ƙirga uku ba ta jiran gyara zama. Benci ɗaya suke, Baffa ne a farkon layi. Saboda haka kusan kowace safiya Baffa zai faɗi, tambaya ta gangaro kan ƙaninsa, ƙanin ya cinke, a miƙa masa tsumagiya. Yaro ɗan shekara goma yana dukan yayansa, wanda a gida ko sunansa ba ya kamawa, a gaban 'yan unguwarsu da 'yan mata. Da an tashi tara sai a bi Baffa da waƙar tsokana, wai ga wanda ƙaninsa yake yi wa tarbiyya. Baffa ya ce zango biyu aka yi a haka, Goggo ta ce bai kai ba.

Daga nan sai mahaifina ya fara faɗuwa. Katin da ke hannuna ya nuna wannan: zangon farko shi ne na biyu a lissafi, zango na uku makinsa da jan biro aka rubuta, a ƙasa Malam ya sa cewa yaron ya lalace. Wani yaro daban ya gaji tsumagiyar, ya riƙa dukansu su biyun. Baffa bai gama aji biyar ba ya bar makaranta, ya yi ta ƙananan ayyuka har ya samu shiga wata masaƙa a Sharada. Mahaifina ya zauna har aji shida, amma an riga an mayar da shi bencin baya, inda Malam yake kira unguwar daƙiƙai, inda ba a duba littafin kowa. A wannan tsakanin aka koyar da lissafin rabi da sulusi da rubu'i, da rabawa mai tsawo, kuma duk malamin lissafi ya san wanda ya rasa wannan matakin, abin da ke sama ba zai zauna masa ba. Ya faɗi jarrabawar shiga sakandare. A farkon shekarun 1980, ban tabbatar da wace ba, ya shiga kamfanin fata a Challawa, a nan ya ƙare ƙuruciyarsa cikin warin jima.

Ni abin da na taso na gani shi ne gida biyu, namu da na Baffa, da ba a son jin kalmar lissafi. In na shimfiɗa littafina a tsakar gida, mahaifina sai ya tuna yana da wanda zai gani a waje. Amma tsofaffin abokan aikinsa sun sha gaya min cewa a sashen awon fata, sai ya ɗaga fatar akuya ya dube ta ya faɗi ƙafa nawa ce kafin a sa ta a inji, kuma da wuya injin ya ƙaryata shi, har ma'aikata suna taruwa kallo. Na taɓa ce masa ai wannan lissafi ne, Baba. Ya ce a'a, wannan ido ne, lissafi na masu kai ne. Shi da Baffa kuwa suna gaisawa, suna haɗuwa a suna da jana'iza, amma ban taɓa ganin sun ci abinci a kwano ɗaya ba. Baffa yana kirana Furofesa ɗan mai bulala, da sigar wasa, wasan da ba ya kai wa ido. Ya taɓa ce min, "Ubanka da ka gani shiru-shiru, hannunsa da nauyi. Ko sau ɗaya bai sassauta min ba. Da Allah ya tashi kama shi sai ya toshe masa kan."

Ga inda abin ya ɗaure ni. Malam yana nan da rai, ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni. Bayan ya yi ritaya ya riƙa tara yaran unguwa ranar Asabar da Lahadi yana koya musu lissafi kyauta, kuma ni ina cikinsu. Bai taɓa dukana ba, yana cewa hannu ya tsufa. Da tsinken ashana da murafun kwalba ya nuna min dalilin da ya sa rabin rabi yake zama rubu'i, ranar na ji kamar an buɗe min taga. Ba don shi ba da ban karanta abin da na karanta ba. Wannan gaskiya ce, ba zan rage ta ba.

Yanzu tsofaffin ɗaliban makarantar sun shirya taron karrama shi, saura sati biyu, kuma ni aka zaɓa in rubuta tarihinsa in karanta, tunda ni ne ɗalibinsa da ya gaje shi. An gayyaci mahaifina da Baffa, duka sun ce za su zo.

Da Goggo ta ji labarin taron sai ta aika a kira ni. Ta ce akwai abin da ta riƙe fiye da shekara arba'in. Wata rana da la'asar, a shekarar nan ta jan biro, ta tarar da mahaifina a bayan gida yana ba awaki dusa, bayansa duk shatar tsumagiya, yana rera jadawalin sau shi kaɗai, tun daga na biyu har na sha biyu, babu tuntuɓe. Ta ce masa kai da aka ce ka manta komai? Sai ya fashe da kuka, ya ce ya gwammace a dake shi da ya sake ɗaga hannu a kan Yaya. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Na tambaye ta me ya sa yanzu ta faɗa. Ta ce, "In kaffara ce zan yi azumina uku. Amma ba zan zauna a sa wa mutumin nan babbar riga, ɗan uwana yana kujerar baya yana tafi ba."

Saboda ba na son dogaro da baki ɗaya, na je wurin mahaifina. Na gaya masa abin da Goggo ta faɗa min. Sai ya ce Goggo ta tsufa, bakinta ya saki. Bai ce ƙarya ta yi ba. Na matsa, na ce to bayan Baffa ya bar makarantar me ya hana ku komawa amsawa? Ya ce ya gwada, ya ɗaga hannu sau biyu ko uku, Malam ya ce unguwar daƙiƙai ba ta da magana, daga baya kuma da ya dubi allo sai ya ga da gaske ba ya gane abin da ke kai. Sai ya kafa min sharaɗi, ya ce kada Baffa ya ji, kada Malam ya ji. Na ce Baba, Baffa fa yana ganin da daɗi kuka dake shi. Ya ce, "Gara ya riƙe ni da mugunta. In ka gaya masa ƙaninsa ya bar karatu don tausayinsa, ka sake dukansa ne, kuma wannan ya fi na Malam zafi."

Na je wurin Malam da littafina, a matsayin mai tattara tarihi. Ban faɗi komai ba, na dai tambaye shi mantal. Fuskarsa ta washe. Ya ce da wannan tsumagiyar ya fitar da injiniyoyi da likitoci, yaran yanzu an lalata su da lallashi. Ya lissafa min mutum shida da suka zama wani abu. Na tambaye shi su nawa ne a ajin, ya ce sun fi sittin. Ban tambaye shi ina sauran suke ba, na san inda suke, su ne suka cika motocin ma'aikata na Challawa da Sharada da Bompai, su ne iyayen yaran da nake koyarwa yau, waɗanda suke shigowa ajina da tsoron lissafi tun kafin in rubuta komai a allo. Sai ya dafa ni yana dariya ya ce, "Ubanka ne kaɗai ya ba ni kunya. Ya fara kamar wuta, ya ƙare toka, lalaci ya cinye shi. Kai ka rama min. Ka sa wannan a takardar, mutane su ji cewa abin da uba ya kasa ɗa ya iya."

Na yi masa sallama na fito. Ban yi bincike ba, ba ni da alƙaluma, ba zan ce duk wanda ya ƙi lissafi irin wannan ce ta same shi ba. Amma shekara guda da na yi ina koyarwa ta nuna min cewa yawancin masu cewa ba su da kan lissafi, in ka zauna da su, za ka tarar da wata rana guda da aka tsayar da su a gaban aji aka ƙirga musu uku. An koya mana cewa lissafi tsere ne, kuskure kuma abin kunya ne, kuma wanda ya iya an ba shi izinin taka wanda bai iya ba. Ni kaina, in faɗi gaskiya, na taɓa sa wata ɗaliba ta fito ta gyara wa yayarta a allo, aji ya yi dariya, ni ma na yi murmushi. Tun da na ji maganar Goggo nake tuna fuskar yayar.

Na zauna rubuta tarihin sau biyar ina yagewa. Kwamitin taro sun ba ni jimlar da suke so ta fito, wai Malam ya sa ɗalibansa son lissafi. Ba zan iya rubuta ta ba, domin na san ba haka ba ne. Na gwada rubuta abin da ya yi min ni kaɗai, wanda gaskiya ne, amma na san Malam, da an ba shi lasifika zai faɗi maganar uba da ɗa da bakinsa, mutane su yi dariya, Baffa ya gyaɗa kai, mahaifina ya sunkuya ya yi murmushi kamar yadda ya saba. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya ranar, sai na ga hakan ba zai hana a faɗa ba, ni ne kawai ba zan ji ba. Wani abokina ya ce in bari, tsoho ne, zamaninsu haka yake, kowa an dake shi. Na yarda zamaninsu ne. Amma zamanin bai ƙare ba a gidanmu, mutum biyu 'yan ciki ɗaya sun tsufa ba sa cin abinci tare.

Ban san ko Baffa zai ji sanyi in ya sani, ko kuwa mahaifina ne ya fi ni saninsa. Ban san ko Malam zai nemi gafara ko zai ce ƙarya ake yi masa ba. Ban taɓa saɓa wa umarnin mahaifina ba, kuma sirrin nasa ne, shi ya biya shi da bayansa da karatunsa, ba ni ba.

Don Allah masu ilimin addini da iyaye da malaman makaranta da ke cikin wannan zaure, ku amsa min wannan kai tsaye. In saɓa wa mahaifina in je in gaya wa Malam da Baffa gaskiya kafin ranar taron, ko in yi masa biyayya in tsaya a gaban jama'a ina riƙe da takarda, a kira shi daƙiƙi ina ji?